Kalkuleta da Faifai Mai Launi Uku

Akwai wani yaro a aji shida da 'yan ajinsu ke kira Kalkuleta. Kafin Malama ta gama rubuta tambaya a allo, hannunsa ya riga ya tashi sama. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Matsalar ita ce shi ma ya san yana da ita, har ya fi kowa sani.

Babansa tela ne, kuma bahago. Abin da mutane ke yi da dama, shi da hagu yake yi. Saboda haka almakashinsa ma na daban ne. Babba ne mai baƙin mariƙi, an ƙera shi musamman don hannun hagu. Maigidan da ya koya masa ɗinki ne ya bar masa shi, kuma duk kasuwa babu irinsa.

"Keken ɗinki in ya lalace zan ari wani," in ji Baba. "Amma wannan almakashin, shi ne hannuna."

Shagon Baba yana jikin gidansu. Tun safe har yamma ana jin ƙarar yanka daga tsakar gida, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kalkuleta ya saba da ita har ya daina lura.

A bayan makarantarsu kuwa akwai wani lungu. A ƙarshen lungun akwai tsohon bene, a ƙarƙashin matakalarsa akwai ƙaramin shago. Da can shagon gyaran agogo ne. Mai gyaran ya daɗe da tashi, amma ya bar agogunansa rataye a bango. Duk sun tsaya, kowanne a nasa lokacin. Ko rana ta take, cikin shagon da duhu-duhu, da wani sanyi mai warin tsohuwar takarda.

A nan wani mutum yake zama. Yara suna kiransa Mai Faifai. Siriri ne, kullum cikin kwat ruwan toka ko da ana zabga zafi. Ba ya ɗaga murya. Babu wanda ya taɓa ganin ya yi dariya ko ya kai wani abu baki.

Wanda ya fara kai Kalkuleta wurin shi ne abokinsa Wushirya, ɗan bencin baya. Wushirya ba ya shiri da lissafi ko kaɗan, amma ya san kowane lungu.

"Zo ka ga abin mamaki," in ji shi wata rana da aka tashi. "Amma ka iya bakinka. Mutumin nan yana da aljanu."

"Aljanu kuma? Kai dai ba ka rabo da shirme."

"To zo ka gani da idonka mana."

Suka shiga. Yara sun kai goma a ciki, amma babu mai hayaniya. A bango, tsakanin matattun agogunan, an kafa wani faifan katako mai faɗin tire. An raba shi gida-gida, an shafa masa launi uku: ja, kore da baƙi. A gefensa an jera ƙusoshi. In aka juya shi, wani ɗan tsinken roba yana bugun ƙusoshin, ƙas, ƙas, ƙas, har ya tsaya a gida ɗaya.

Ba a wasan da kuɗi kai tsaye. Sai ka ba Mai Faifai kuɗin tararka, ya ba ka marafen kwalba da ya shafa wa jan fenti. Da su ake zubi. In ka tara da yawa, ka musanya su da ƙwallo ko fitila ko motar wasa.

A jikin wani kwali an rubuta ƙa'idar wasan. Ka zuba marfi ɗaya. In faifai ya tsaya a ja, a ba ka huɗu. In ya tsaya a kore, a ba ka biyu. In baƙi ne, babu komai.

"Ina aljanun?" Kalkuleta ya tambaya a hankali.

Wushirya ya nuna masa wata babbar kwalba a kan tebur. An ja farin layi da alli a jikinta.

"Kullum in muka shigo, sai ya ƙirga kawunanmu da ido, ya ja layin nan. In za a rufe, sai ya juye marafen da suka rage masa a ciki. Wallahi kullum a bakin layin suke tsayawa. Ko su ɗan haura, ko su ɗan gaza, amma ba sa nisa. Ya aka yi ya sani tun kafin a fara?"

Tsigar jikin Kalkuleta ta tashi. Ya ɗaga kai, sai ya ga Mai Faifai shi yake kallo.

A bayan mutumin akwai kanta doguwa. An jera wasu kaya a kai, ba irin na kyauta ba. Akwai takalmin makaranta sabo, da gorar ruwa, da tabarau ƙarami, da jakar wani yaro. Kayan waɗanda marafensu suka ƙare ne, suka ajiye don a ba su wasu.

Ranar Kalkuleta bai yi wasa ba. Amma a hanyar gida kansa bai huta ba. A makon nan Malama ta koya musu matsakaici. Ka tara lambobi, ka raba da yawansu. Ya tsuguna a gefen hanya, ya ɗauki tsinke ya rubuta a ƙasa.

Ja huɗu. Kore biyu. Baƙi sifili. In aka tara, shida. Launi uku ne, to shida a raba uku, biyu.

Ya miƙe tsaye zumbur.

"Biyu!" ya ce. "Ka zuba ɗaya, a matsakaici ka samu biyu! Wushirya, mutumin nan bai iya lissafi ba. Kyauta yake rabawa bai sani ba."

"To me ya sa nawa suke ƙarewa kullum?"

"Saboda kana tsorata ka gudu da wuri. Matsakaici yana son a daɗe ana yi."

Wushirya ya shafa wani marfi da ya huda ya rataya a wuya da zare. Shi ne marfin da ya fara cin ja da shi, kuma yana kiransa marfin sa'a. Ko wanka ba ya cire shi.

"Kai ka san lissafi," in ji shi. "Ni dai ina jin tsoron mutumin."

Washegari Kalkuleta ya haƙura da tara, ya karɓi marafe biyar. Ya zuba na farko, faifai ya tsaya a ja. Na biyu kore. Na uku baƙi. Na huɗu ja kuma! Na biyar baƙi. Ya ƙirga abin da ke hannunsa, goma cif.

Biyar sun zama goma, daidai yadda lissafinsa ya ce. Ranar ko ƙasa ba ya jin yana takawa.

Mai Faifai ya miƙo masa marafen ba tare da ya ɓata rai ba. Yatsunsa dogaye ne, da jan fenti a ƙarƙashin farce, kuma sanyi ƙalau.

"Sai ka dawo," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Kwana biyu bayan haka, Baba ya kira shi da ya dawo daga makaranta. Wata mata mai shagon sayar da kaya ta kawo yadi mai tsada, za a ɗinka mata riguna da yawa. Jibi za ta zo ta ga na farko. In ya yi mata, duk aikin shagonta Baba za ta riƙa ba.

Baba ya naɗe almakashin a ƙyalle ya miƙa masa.

"Kai wa mai wasa wuƙa ya gyara mini bakinsa. Ka tsaya a kansa har ya gama. Kada ka biya ko'ina."

"To, Baba."

Hanyar mai wasa wuƙa ta bakin lungun nan ta bi. Marafe goma suna ta ƙara a aljihunsa. Ya ce a ransa, juyi biyar kawai, sai in wuce.

Da ya shiga, sai ya ji kamar agogunan duk sun juyo suna kallonsa. Ya zuba ɗaya. Baƙi. Ya sake. Baƙi. Kore. Baƙi. Baƙi.

"Ba komai," ya ce wa kansa. "Matsakaici zai dawo da su."

Ya fara zuba bibbiyu don ya yi sauri. Kafin ya ankara, aljihunsa ya zama wayam.

Mai Faifai bai dubi fuskarsa ba. Ƙyallen da ke hammatarsa yake kallo.

"Mene ne wannan?"

"Na babana ne."

"Ban ce ka sayar ba. Ka ajiye a kanta, in ba ka talatin. In ka ci, ka mayar mini da talatin ɗina, ka ɗauki abinka. Ai kai mai lissafi ne."

Kalkuleta bai taɓa gaya masa haka ba. Amma ya sake yin lissafin a kai, ya sake samun biyu. Talatin za su zama sittin. Zai karɓi almakashi, ya kai wasa, har da motar wasa a hannu. Wa zai sani?

Ya ɗora almakashin a kanta, kusa da ƙaramin tabarau.

Yanzu biyar-biyar yake zubawa. Baƙi. Baƙi. Kore ya zo, ya ɗan ji sanyi a ransa. Sai baƙi, sai baƙi, sai baƙi, sai baƙi. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin ɗakin. Faifai yana ta ƙas, ƙas, ƙas, kuma ƙarar ta fara yi masa kama da ta almakashin Baba.

Biyar na ƙarshe suka tafi.

"Don Allah ka ba ni," ya ce. "Babana bahago ne. Babu irinsa a kasuwa."

"Talatin," in ji Mai Faifai. "Gobe kafin in rufe. In ka wuce, mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo."

"Amma lissafina daidai ne! Kai ya aka yi kullum kake ci a caca?"

Mutumin ya juye marafen ranar a kwalba. Suka tsaya dab da farin layin.

"Ni ba na caca, yaro," ya ce a hankali. "Ku ne kuke yi."

A gida Kalkuleta ya yi ƙarya. Ya ce mai wasa wuƙa ya ce a bar masa sai gobe.

"Na ce ka tsaya a kansa," in ji Baba, ransa a ɓace. "To, ya wuce. Je ka aro mini na maƙwabci."

Almakashin maƙwabci na dama ne. A hannun Baba sai ya riƙa tauna yadin maimakon ya yanka. Baba ya danna da ƙarfi, mariƙin ya ci masa babban yatsa har ya yi bororo. Da ya ga gefen yadin matar ya fara zarewa, sai ya ajiye.

"Ba zan ɓata kayan mutane ba," ya ce. "Sai nawa ya dawo."

Shagon ya yi tsit. Kalkuleta bai taɓa sanin gidansu zai iya yin shiru haka ba. Umma ta zauna tana shafa wa Baba man zafi a yatsa.

"Kai kuma lafiya?" ta tambayi Kalkuleta. "Ka sa abinci a gaba kamar an aiko ka gadinsa."

"Ba na jin yunwa, Umma."

Da ya kwanta da dare, fankar ɗaki tana juyawa, tana wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Ya toshe kunnuwa, amma ƙarar tana nan. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron yawa.

Da safe a aji, Malama ta rubuta tambaya a allo. Ta juyo tana jiran hannun da ta saba gani. Babu shi. Kalkuleta ya duƙufa a kan littafinsa, yana rubuta abu ɗaya sau da sau. Ta zo ta tsaya a kansa.

"Huɗu da biyu da sifili, a raba uku," ta karanta. "Ka cika shafi da wannan. Mene ne?"

Sai kawai ya fashe da kuka. A gaban kowa ya faɗi komai, da faifai, da marafe, da almakashin Baba. Yara da yawa suka sunkuyar da kai, don su ma sun san lungun.

"Malama, aljanu gare shi," in ji Wushirya. "Yana sanin abin da zai samu tun kafin a fara."

Malama ba ta yi faɗa ba tukuna. Ta ɗauki alli ta zana babban da'ira a allo.

"Kalkuleta, launi nawa ne a faifan?"

"Uku."

"Gida nawa ne?"

Bai taɓa ƙirgawa ba. Kwalin ƙa'ida ya karanta, bai dubi faifan ba.

"Goma ne," in ji Wushirya. "Na daɗe ina zura masa ido. Ja ɗaya ne. Kore biyu. Sauran duk baƙi."

"Wato baƙi bakwai," in ji Malama. Ta raba da'irar gida goma. "To, mu ce ka juya sau goma, kowane gida ya zo sau ɗaya. Marafe nawa ka zuba?"

"Goma," aji ya amsa.

"Ja ya ba ka nawa?"

"Huɗu."

"Kore biyu fa?"

"Biyu da biyu, huɗu."

"Baƙaƙe bakwai?"

"Babu!"

"To nawa suka dawo?"

Kalkuleta ya share hawaye. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Takwas. Na zuba goma, takwas suka dawo."

"Ka ga kuskurenka? Ka ba baƙi kujera ɗaya a lissafinka, alhali kujera bakwai yake zaune a kai. Wannan takwas ɗin shi ne abin da za ka yi tsammani daga kowane goma. Duk juyi goma, biyu sun tafi wurinsa."

"Amma Malama, ranar farko biyar ɗina sun zama goma."

"Yawwa. Yanzu ka zo wurin da ake kama mutane. Ku tashi."

Ta yanka ƙananan takardu goma. Ɗaya ta rubuta ja, biyu kore, bakwai baƙi, ta zuba su a gwangwanin alli. Yara arba'in ne a ajin. Kowa ya zo ya zaro takarda ido a rufe, ya mayar, ya girgiza, har sau goma. Kowa ya rubuta marafen da zai samu da a ce faifai ne.

Sannan ta fita da su baranda. Ta ja dogon layi a ƙasa, ta rubuta lambobi daga sifili har ashirin.

"Kowa ya tsaya a kan lambarsa."

Aka yi ta ture-ture ana dariya. Wata yarinya ta tsaya a kan goma sha shida tana tsalle. Wani ya tsaya a kan biyu yana zumɓura baki. Wasu suna goma sha biyu, wasu huɗu. Amma cunkoson yana wajen shida da takwas da goma.

"Ku dubi yadda kuka warwatsu," in ji Malama. "Tsakiyarku takwas ce, amma yawancinku kun kauce mata. Wani ya yi sama, wani ya yi ƙasa. Wannan kaucewar ma ana auna ta. A ɗauki nisan kowa daga takwas, a ninka shi da kansa, a nemo matsakaicinsu, sannan a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan. Za ku koye shi sosai a gaba. A wasan nan amsar tana kusa da huɗu."

"Huɗu ta fi biyu," in ji Kalkuleta a hankali.

"Ka fara dawowa hayyacinka. Asarar biyu ce, kaucewar huɗu. Shi ya sa ba a ganin asarar da wuri. Yau ka yi sama ka ce kai gwani ne. Gobe ka yi ƙasa ka ce rashin sa'a ne. Biyun nan kuwa tana ta fita ba ƙara. Yanzu ka tara mini na kowa."

Kalkuleta ya bi layi yana tarawa. Sun zuba ɗari huɗu. Abin da ya dawo ɗari uku da ashirin da shida.

"Da mun ce takwas-takwas sau arba'in fa?"

"Ɗari uku da ashirin." Ya zaro ido. "Malama, kusan daidai!"

"Ga layin allinsa nan. Kai yaro ɗaya ne, kana iya yin sama ko ƙasa. Shi kuwa da ku duka yake wasa. Na sama da na ƙasa suna cike wa juna, abin da ya rage nasa ne. Ya ƙirga kawunanku, ya san kusan juyi nawa za a yi, sai ya ja layi. Ina aljanin a nan?"

Wushirya ya sosa ƙeya.

"Ashe mu ne aljanun nasa," ya ce. Har Malama sai da ta yi dariya.

Daga nan ta ɗaure fuska, ta yi musu faɗa sosai. Ta ce yau za ta kai maganar wurin shugaban makaranta, a kira iyaye. Sai monitar aji ta ɗaga hannu.

"Malama, almakashin fa? Ni ina da marfi biyu. Ba na so kuma."

Ta ajiye su a tebur. Wani ya kawo ɗaya. Wata ta kawo uku. Aka yi ta zazzage aljihu da jaka. Kalkuleta ya ƙirga sau biyu, ashirin da tara. Kowa ya dubi wuyan Wushirya. Wushirya ya dafe marfinsa ya kau da kai.

"Kafin komai," Malama ta ce wa Kalkuleta, "ka je ka gaya wa babanka da bakinka."

Wannan ya fi komai wuya. Ya samu Baba zaune a shago, yadin matar a shimfiɗe, hannunsa a naɗe da ƙyalle. Ya durƙusa ya faɗi gaskiya tun daga farko.

"Cacar ta ɓata mini rai," in ji Baba. "Amma ƙaryar ta fi yi mini ciwo. Ina fama da almakashin aro, kana kallona."

"Ka yafe mini, Baba."

"Tashi mu je. Kai ka kai shi, kai za ka karɓo."

Da suka isa lungun, 'yan ajin da yawa suna bakin ƙofa, har da Wushirya. Baba ya tsaya a ƙofar, ya harɗe hannuwa. Kalkuleta ya shiga shi kaɗai. Ɗakin ya fi kullum sanyi. Almakashin yana kan kanta.

Ya zube marafen a tebur. Mai Faifai ya ƙirga su da dogon yatsansa.

"Saura ɗaya."

"Na sani."

"Abu mai sauƙi," in ji mutumin, muryarsa kamar raɗa. "Ɗauki ɗaya ka zuba. In kore ya zo, sun cika talatin. In ja ne, har da canji. Juyi ɗaya tak."

Ya ɗan taɓa faifan. Ƙas, ƙas. Hannun Kalkuleta ya kai kan marfi ɗaya. Juyi ɗaya ne fa, ga almakashi can yana gani.

Sai ya ɗaga kai ya dubi faifan da kyau, karo na farko. Ya miƙa yatsa ya fara ƙirgawa da ƙarfi.

"Baƙi ɗaya. Baƙi biyu. Uku. Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai."

Yaran da ke ƙofa suka kama ƙirgawa tare da shi. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"Ba zan juya ba," ya ce. "Ko yau, ko gobe."

Sai aka ji ƙarar zare ya tsinke. Wushirya ya ratso ta gefen Baba, ya ajiye marfin sa'arsa a kan tebur.

"Ga cikon," ya ce. "Tun da na rataya shi ban sake cin ja ba ma."

Mai Faifai ya dubi marafen talatin. Ya dubi Baba a ƙofa, da yaran da ke bayansa, babu ko ɗaya mai niyyar shigowa. Ya sauko da almakashin ya tura wa Kalkuleta. Kwalbar tana gefe, da farin layinta, babu komai a ciki.

A waje Baba ya karɓi almakashin da hannun hagu. Ya buɗe ya rufe, ƙyas. Sai a lokacin ya sauke numfashi. Tare suka wuce wurin mai wasa wuƙa, kuma Kalkuleta ya tsaya a kansa har ya gama.

Washegari shugaban makaranta da iyaye suka je lungun. Suka tarar da ƙofa a buɗe, babu kowa. Takalmi da gora da tabarau da jaka suna jere a kanta, masu su suka ɗauka. Faifan ba ya nan. Sai shatinsa kawai ya rage a bango, tsakanin agogunan da suka tsaya.

Matar mai yadi ta zo ta ga rigarta, ta yaba, ta bar wa Baba sauran aikin. Amma Kalkuleta bai tsira haka nan ba. Baba ya ba shi allura da gwangwanin maɓallai.

"'Yan ajinku sun fanshe ka," ya ce. "Duk wanda maɓallin rigarsa ya cire, kai za ka sa masa, har ƙarshen zango."

Ashe rigunan 'yan aji shida ba sa rabo da cirewar maɓalli. Na Wushirya kaɗai sai da ya sa guda biyar. Allura ta soke shi ba adadi, bai yi ƙorafi ba.

Wata rana da yamma yana zaune a shago yana ɗinki, Umma ta leƙo.

"To, sarkin lissafi, me ka koya?"

"Na koyi in ƙirga abu duka kafin in ce na sani," ya ce. "Na koyi cewa a caca, ko ka ci yau, mai faifai ne ke da riba. Kuma abin da aka ba ni amana ba nawa ba ne, balle in ajiye shi a kantar wani."

"Saura ɗaya," in ji Baba, bai ɗago daga kan yadi ba.

"In na yi laifi, in faɗa da wuri."

"Yanzu lissafinka ya cika."

Baba ya ci gaba da yanka, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kalkuleta ya dakata da allura a hannu, ya saurara. A da ba ya ko jin ƙarar. Yanzu kuwa babu abin da ya fi ta daɗi a kunnensa.